Kundin zangon farko: Galego da Fotugis a teburi ɗaya

9 Satumba 2024

An buɗe zango. Kwasa-kwasai biyar ne, kowanne kiredit 6, kiredit ɗaya kuma ana lissafa shi awa 25 na aiki, wato kwas guda yana cin awa 150, mafi yawansu a wajen aji. Maki daga 0 zuwa 10, ana ci da 5. Uku daga ciki wannan kundi zai bi: harshen Galego (harshen Galisiya, arewa maso yammacin Sifen), harshen Fotugis, da adabin da harsunan biyu suka yi tarayya a kansa daga ƙarshen ƙarni na 12 zuwa tsakiyar na 14.

Abin da nake so kafin Janairu abu biyu ne. In iya rubuta shafi biyu da kowane harshe ba tare da ɗaya ya kutsa cikin ɗaya ba, sannan in miƙa jinga a kan waƙoƙi bakwai na Martin Codax, mawaƙin Galisiya na ƙarni na 13, tare da fassararsu zuwa Hausa.

Kashe kuɗi: littattafan rubutu biyu, shuɗi na Galego, kore na Fotugis, yuro 5. Littafin nahawun Fotugis na hannu, yuro 14. Fotokwafin takardun adabi, yuro 9. Ƙamus ban saya ba, na Real Academia Galega, hukumar harshen Galego, kyauta ne a intanet kuma yana furta kalma a ji, ƙamusin Priberam na intanet kuma ya wadatar a Fotugis.

13 Satumba

Makon furuci. Kunnen Bahaushe ya fi samun sauƙi a Galego. Harafin x shi ne sh ɗinmu, ch shi ne c ɗinmu, n ta ƙarshen kalma kuma daga can baya take fitowa kamar ta "nan" da "can". Kalmar chan, wato daɓen ƙasa, ba ta da maraba da "can" tamu a baki. Bambancin caro (mai tsada) da carro (amalanke) ma bai ba da wahala ba, tunda mun saba da ra iri biyu.

Inda aka sha wuya shi ne p da f. Ponte gada ce, fonte maɓuɓɓuga, a harsunan biyu duka. Pé ƙafa, fé imani. Maganin da ya yi aiki: a riƙe ƴar takarda gaban baki, a haɗe leɓɓa gam kafin p, a ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa kafin f. Minti goma kullum da safe, kalmomi 20 bi-da-bi.

Sai wasula. Mu biyar gare mu, dogo da gajere. Galego bakwai gare shi a gaɓar da ake dannawa, domin e da o kowanne ya kasu biyu, buɗaɗɗe da rufaffe. Óso ƙashi ne, oso dabbar nan mai gashi ta dazukan arewa da ake kira bear a Turanci. Vén yana zuwa, ven suna gani. Tsawo ba ya cikin lissafin, buɗewar baki ce kawai, kuma kunnena har yanzu tsawo yake nema.

20 Satumba

Aiki na yau da kullum. Jinsi ya zo da sauƙi, yawancin kalmomi masu ƙarewa da a mata ne kamar a Hausa, masu karya dokar kuma (o día, o mapa, o problema) suna nan kamar gida da ruwa da suna a wurinmu.

27 Satumba

Shifta ta farko a ajin Fotugis: 3.5. Kurakurai 24 a layi 18. Na ware su don in ga inda ruwan ke yoyo.

Tara daga rubutun Galego suka ƙetaro: ñ a gurbin nh, ll a gurbin lh, n a ƙarshen kalma inda Fotugis ke sa m (ben da bem, un da um). Mafi muni shi ne nh kansa, domin Galego ma yana da shi amma da wani sauti daban. Unha a Galego "ɗaya" ce ta mace, da n irin ta "can". Unha a Fotugis farce ne. Farcen a Galego uña ake rubuta shi.

Bakwai na s, ss, ç da z ne. Galego na ka'ida ba shi da ss, ba shi da ç, kuma ba ya furta sautin z ɗinmu ko kaɗan: casa da s ake faɗinta a Santiyago, babban birnin Galisiya, da z a Lisbon. Biyar na x ne, wanda a Fotugis ya rabu uku: xente ta zama gente, hoxe ta zama hoje, caixa ta zauna yadda take. Uku na ƙarshe alamar hanci ce da na manta.

Abin da na gano bayan na zauna da takardar awa biyu: Galego na iya zama mabuɗi idan aka bi shi ta hanyar da ta dace. Inda Galego ke da c ko z, Fotugis zai kawo c, ç ko z (caza da caça, facer da fazer, cociña da cozinha). Inda Galego ke da s, Fotugis zai kawo s ko ss (paso da passo). Cozer (dafawa) da coser (ɗinki) sautinsu ɗaya a bakin mutumin Lisbon, amma Galego ya raba su, cocer da coser. Wannan ya rage zaɓi daga huɗu zuwa biyu.

Sabon tsari daga Litinin: ba za a taɓa harsunan biyu a zama ɗaya ba. Galego da safe, Fotugis bayan la'asar, littafi ɗaya kawai a kan teburi. Kwatanci yana da ranarsa, Asabar, a takarda ta uku.

4 Oktoba

Wakilan suna. Fotugis yana da te guda ɗaya, Galego ya raba shi te da che, kuma ɗaliban da suka taso da Sifaniyanci suna ta tuntuɓe a nan. Ga Bahaushe rabon a fili yake: te shi ne "ka" na "na gan ka", che shi ne "maka" na "na faɗa maka". Vinte onte, na gan ka jiya. Díxenche onte, na faɗa maka jiya. Aikatau kaɗan ne ke saɓa wa wannan awo, babbansu dar, domin mu muna cewa "na ba ka" alhali Galego deiche yake so. Na rubuta su daban.

Akwai kuma che ta jawo mai sauraro cikin magana, wadda ba ta da aikin nahawu: éche ben caro, kamar a ce "da tsada fa, ka ji". A kasuwa ana jin ta a kowane numfashi. A rubutun jinga ba ta da wuri.

Mazaunin wakilin suna kusan ɗaya ne a Galego da Fotugis na Turai. Yana bin aikatau a baya (chámome, chamo-me, Fotugis da karan ɗori, Galego a manne), sai in an yi korewa ko an kawo que ko tambaya, ya dawo gaba. Me chamo a farkon jimla na Burazil ne, malama tana ja masa jan layi.

11 Oktoba

Ranakun mako: luns, martes, mércores a Galego, segunda-feira, terça-feira, quarta-feira a Fotugis. Lissafin daga Lahadi yake farawa, kamar Litinin da Talata da Laraba da muka aro daga Larabci, don haka segunda ita ce Litinin. Da na gane haka ruɗun ya ƙare.

19 Oktoba

Gwajin kunne a bakin iyaka. Tui tana gefen Galisiya, Valença tana gefen Fotugal, kogin Miño a tsakani, gadar ƙarfe ta 1886 ta haɗa su, jirgin ƙasa a sama, motoci a ƙasa, masu tafiya a ƙafa a gefe. Da an haye, agogo ya koma baya da awa ɗaya. Kuɗin mota da abinci yuro 38.

Sakamako bai yi daɗi ba. A Tui ina kama kusan duk abin da ake faɗa. A Valença, tsakanin masu shago su ya su, kalmomi ɗai-ɗai kawai nake tsinta, alhali da an rubuta zancen zan karanta shi ba gargada. Dalilin sananne ne: Fotugis na Turai yana cinye wasulan da ba a danna ba. O ta koma u, e ta kusa ɓacewa, s ta ƙarshen gaɓa ta zama sh. Telefone mai gaɓa huɗu a takarda, biyu take fitowa a baki. Morar (zama) da murar (kewayewa da katanga) ba sa rabuwa. Mu kuma harshenmu na baƙi-da-wasali ne, kunne yana jiran wasali bayan kowane baƙi, in bai zo ba sai ya rasa inda kalma ta ƙare.

Abin lura: mutanen wannan yanki na arewa suna furta v kamar b, suna kuma fito da ou cikakke a ouro da pouco, kamar makwabtansu na ƙetaren kogi. A Lisbon ou ta zama o guda. Iyakar siyasa a tsakiyar kogi take, ta furuci kuwa a hankali take sauyawa ana gangarawa kudu.

Gyara: labaran rediyon Fotugal minti 15 kullum. A saurari minti ɗaya sau uku, a rubuta abin da aka ji, sannan a duba rubutaccen labarin a ja layi ƙarƙashin kowane wasalin da aka haɗiye. Muryoyin Burazil sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa na dakatar da su har Janairu.

25 Oktoba

Tarihin sauti. Latin ya rasa n da l na tsakanin wasula a wannan kusurwar: luna ta zama lúa da lua, dolore ta zama dor, colore ta zama cor. Pl, cl da fl na farkon kalma sun zama ch: chave, chama. Jam'in -ão iri uku (mãos, pães, corações) daga ƙarshe uku na Latin ya fito, -anu, -ane, -one. Galego yana taimakawa a na uku kawai, duk -ón zai ba da -ões. Sauran haddacewa.

Tarko na mako: avó a Galego kaka namiji ne, a Fotugis kaka mace. Namijin a Fotugis avô.

4 Nuwamba

An shiga waƙoƙin zamanin da. Kusan 1,680 ne suka rage na duniyanci, ban da na yabon Maryamu sama da 400 da aka tara a fadar Alfonso na 10, sarkin Kastiliya. Manyan kundaye uku suka adana su. Na fadar Ajuda da ke Lisbon shi ne mafi tsufa, na soyayyar maza ne a cikinsa, an bar gurbin alamomin kiɗa amma ba a cike ba. Sauran biyun, na Ɗakin Karatu na Ƙasa a Lisbon da na Batikan, a Italiya aka kwafe su wajen 1525 bisa umarnin masanin Italiya Angelo Colocci. Wannan yana da muhimmanci ga aiki, domin masu kwafin ba harshensu ba ne, suna rikita u da n, c da t, doguwar s da f. Duk bugun zamani da ke hannunka hukuncin wani edita ne a kan waɗannan kurakurai, shi ya sa jinga dole ta faɗi bugun da ta bi.

Rukuni uku ne. Cantiga de amor, namiji na kuka da uwargijiyar da ba ta kula shi, kuma senhor yake kiranta, kalmar ba ta da siffar mace a lokacin. Cantiga de amigo, kimanin 500, budurwa ke magana da uwarta ko ƙawayenta ko teku, amma maza ne suka tsara. Sai na suka, wanda guntun littafin ka'idar waƙa da ke farkon kundin Lisbon ya raba biyu: escarnho da kalmomi masu fuska biyu, maldizer a fito fili. Habaici da zambo ke nan, kusan ƙafa da ƙafa, kuma haka zan fassara su.

Martin Codax ya fi sauran sa'a. Waƙoƙinsa bakwai suna cikin kundayen Italiya biyu, suna kuma kan wata fata guda da mai sayar da littattafai Pedro Vindel ya tsinta a Madrid an naɗe littafin Cicero, marubucin tsohuwar Roma, da ita. Shida suna da alamomin kiɗa, ta shida a jeri layukanta babu komai. Fatar tana Morgan Library a New York. Irin wannan tsintuwa sau ɗaya aka sake yi, a 1990, da Harvey Sharrer ya samu waƙoƙin soyayya bakwai na Sarki Dinis na Fotugal da kiɗansu a Torre do Tombo, ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Lisbon.

12 Nuwamba

Daftarin farko na nazarin kari ya dawo da ja ko'ina. Kuskure biyu, kowanne ya ɓata lissafi gaba ɗaya.

Na farko, na ƙirga gaɓoɓi har ƙarshen ɗango, kamar yadda za a yi wa waƙar Hausa. Al'adar nan a gaɓar ƙarshe da aka danna take tsayawa. "Ondas do mar de Vigo", ɗangon farko na waƙar Codax ta farko, gaɓa bakwai ce a baki, shida a lissafi, go ba ta shiga. Nauyin gaɓa, wanda shi ne ginshiƙin karin waƙarmu, ba ya aiki a nan sam.

Na biyu, na karanta tsohon harshe da bakin yau. Veer, seer, creer gaɓa biyu-biyu ne a ƙarni na 13, domin baƙin da ke tsakani ya faɗi amma wasulan ba su riga sun haɗe ba. Mia kuwa ɗaya ce. Duk ɗangon da ya gaza da gaɓa guda a ƙirgata, a nan matsalar take.

Sai ma'ana. Na ɗauki levado a "mar levado" da ma'anarsa ta yau, ɗaukakke, alhali teku ne da ya tumbatsa. Mandado labari ne, coita azabar so, ca "domin", u "ina", ren "abu" ko "ba komai". Na buɗe jerin kalmomi a bayan shuɗin littafi, sun kai 62. Ka'ida: kalmar da ta yi kama da ta yau ita za a fara dubawa a ƙamusun tsohon harshe, baƙuwar ba ta yaudarar kowa.

18 Nuwamba

Rediyo, kwana na 30. Daga minti ɗaya ina rubuta kusan kashi biyu cikin uku daidai. Lambobi da sunayen garuruwa ne suka rage.

22 Nuwamba

Fassara. Ginin waƙar farko baiti huɗu ne, kowanne ɗango biyu da amshi. Baiti na biyu yana maimaita na farko da sauya kalmar ƙarshe, amigo ta zama amado. Na uku yana ɗauko ɗango na biyu na baitin farko ya buɗe da shi. Sunan dabarar leixa-prén, saki-ka-kama. Wanda ya taɓa jin waƙar daka ko ta dandali, mai bayarwa na juya layi guda ƴan amshi na karɓa, ba zai ga baƙon abu ba.

Amigo ba aboki ba ne, masoyi ne. Madre na sa "inna", "uwa" ta yi sanyi a bakin budurwa. Amshin ya zauna da "Wayyo Allah, ko zai zo da wuri?" Amsa-amo ne ya gagara. Asalin yana juyawa tsakanin i-o da a-o, duk ƙoƙarin da na yi na kwaikwayon haka sai da na cusa kalmomin da babu su. Na zaɓi in riƙe maimaici da amshi, in saki amsa-amo, in bayyana dalili a gabatarwa. Waƙoƙi huɗu sun kammala.

29 Nuwamba

Rubutun Galego na biyu: 6. Babu Fotugis a ciki ko ɗaya, rabon safe da yamma ya yi aiki. Sai dai wani ɓarawon ya shigo ta taga, Sifaniyancin titi. Bueno, Dios, abuelo, pueblo, escoba, duk ana jin su a bakin masu Galego na haihuwa, amma ka'ida ben, Deus, avó, pobo, vasoira take so. A nan Fotugis ke ceto: in kalma ta yi kama da Sifaniyanci, a duba ta Fotugis, sau da yawa ta Galego tana kusa da ita.

An yi lakca kan rigimar rubutu. Ka'idar hukuma ta fito a 1982, an yi mata babban gyara a 2003, wanda ya kawo grazas da espazo. Ɓangare na biyu, da ƙungiyar AGAL ke jagoranta tun 1981, yana ganin Galego reshe ne na harshe ɗaya da Fotugis, yana rubuta nh, lh, ç. Hujjar kowa tana da ƙarfi, kuma bayan kusan wata ɗaya da waƙoƙin ƙarni na 13 da wuya mutum ya ce masu ra'ayi na biyu ba su da abin faɗa. Amma jarrabawa da ka'idar hukuma ake yi.

Na sayi Cantares gallegos na Rosalía de Castro, yuro 8. An buga shi a Vigo a 1863, bayan ƙarni uku da Galego ya kusa ɓacewa daga rubutu. Kada a koyi ka'idar rubutu daga gare shi, a zamaninta babu ka'idar.

6 Disamba

Aikatau na Fotugis. Para irmos, antes de saíres: "don mu tafi", "kafin ka fita", Hausa ta riga ta shimfiɗa hanyar. Wahalar ita ce siffar sharaɗi ta gaba, mai bin se da quando, wadda a aikatau masu bin doka kamanninsu ɗaya da waccan ta irmos da saíres, a marasa bi kuma ta bambanta: fazer da fizer, ter da tiver. Mafi sharri, ver tana ba da vir, vir kuma tana ba da vier. Galego na yau ya bar wannan siffa sai a karin magana da takardun shari'a, don haka babu taimako daga can.

A gefe: alcalde, magajin gari a Galego, tushensa ɗaya da alƙali. Açúcar da sukari, azeitona da zaitun. A Bahiya ta Burazil kuma har yau akwai abincin da ake kira arroz de hauçá, shinkafar Hausawa, daga bayin da aka kai can a farkon ƙarni na 19.

13 Disamba

An miƙa jinga, shafi 14, bugawa yuro 4.

20 Disamba

Shifta ta uku a Fotugis: 7, kurakurai 8, biyar daga cikinsu s da ss. Jinga: 7.5, da gyara cewa ban kwatanta karatun fatar Vindel da na kundayen Italiya ba sai a waƙa biyu, ya kamata a yi wa bakwai ɗin. Sauraro har yanzu shi ne baya, musamman in mutum biyu na magana a tare. Jimlar kuɗin zango ban da haya da abinci: yuro 78.

Hutu zuwa jarrabawar Janairu: rediyo ya koma minti 25, a ƙara hirarraki a kan labarai. Jerin s da ss, kalmomi 150, goma a rana. Teburin bambance-bambancen rubutun waƙoƙi biyar da suka rage. Zango na biyu akwai Os Lusíadas, doguwar waƙar Camões, mawaƙin Fotugal, bugun 1572, babi 10, baiti 1,102 masu ɗango takwas-takwas. Baiti goma a rana zai ci kwana 111, don haka za a fara 2 ga Janairu, da koren littafi, bayan la'asar.